Tsohuwar Saffire da sabuwar laftof: jerin adafta ko kebul ɗin haske?

Ɗan'uwa, ka ce kana da Focusrite Saffire Pro 40, sawun-kad (akwatin da ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta) mai haɗuwa ta kebul ɗin FireWire, da ka daɗe kana ɗaukar sauti da ita, ka sayi sabuwar laftof, ka duba jikinta kaf babu ramin FireWire sai ƙananan ramukan USB-C, kana tambayar adaftar da za ka saya. Kafin komai, kada ka zuba kuɗinka kan wayar nan da ake tallatawa mai kan USB a gefe ɗaya, kan FireWire a ɗayan. Ba ta aiki. A USB kwamfuta ce ke kira na'ura ta amsa, a FireWire kuwa na'urorin ne ke magana da juna kai tsaye. Yarensu daban, kuma waya ba tafinta ba ce.

Hanyoyin gaske biyu ne. Ko ka samar wa kwamfuta ramin FireWire na ainihi, Saffire ta ci gaba da zama sawun-kad ɗinka kamar da, ko ka rabu da FireWire, ka mai da ita akwatin makirufo takwas da ke tura sauti cikin wata ƙaramar sawun-kad ta USB.

A laftof, hanya ta farko ta Thunderbolt take bi, wato wata hanyar haɗi mai sauri da wasu ramukan USB-C ke ɗauke da ita. Duba gefen ramin. In ba ka ga alamar walƙiya ba, takardar laftof ɗin ma ba ta ambaci Thunderbolt ba, zance ya ƙare, domin ba kowane USB-C ne Thunderbolt ba ko da siffarsu ɗaya. In akwai, abu uku za ka jera: adaftar Apple ta 2016 daga Thunderbolt 3 zuwa 2, a bakinta adaftar 2012 daga Thunderbolt zuwa FireWire 800, sai kebul mai haƙori tara a kai ɗaya, shida a ɗayan, tunda Saffire FireWire 400 ce. Adafta ta biyun nan yanzu sai an sha wahala ake samunta. Ko ka haɗa su duka, da sauran rina a kaba, wato direba, manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. In Mac ce mai cif ɗin M, irin waɗanda Apple ya fara fitarwa a 2020, babu direban Saffire da zai hau kanta. Masu RME Fireface 800 sun fi sa'a, an bi su da direba har kan cif ɗin M, amma su ma ƙofa tana rufuwa: macOS Ventura ta 2022 ta cire direban sautin FireWire da ke zuwa a cikinta, Tahoe ta 2025 kuma ta cire FireWire ɗungurungum. A laftof ta Windows wasu sun dace da jerin adaftar, wasu ba su dace ba, kuma ba za ka san ɓangarenka ba sai kuɗi sun fita.

Inda hanya ta farko ke da tabbas shi ne kwamfutar tebur. Ka buɗe ta, ka soka katin FireWire a ramin PCIe, inda ake soka ƙarin kati a cikinta, ka tabbata cif ɗinsa na Texas Instruments ne, shi masu situdiyo suka fi yarda da shi. In sauti yana yankewa, sa direban Microsoft mai suna 1394 OHCI Legacy. A Windows 11 kuma wani tsarin tsaro mai suna Memory integrity kan hana tsofaffin direbobi tashi, sai an kashe shi. Katin ba shi da tsada. Sai dai kai laftof ka saya, kuma ka san yadda kwamfutar tebur ke mutuwa ana tsakiyar ɗauka da an ɗauke wuta, in babu batirin ko-ta-kwana.

Abu ɗaya nake roƙonka in ka bi FireWire ta kowace fuska: kashe komai kafin ka soka kebul. Kan nan mai haƙori shida yana ɗauke da wuta. Na taɓa tsayawa a situdiyon wani abokina, yaronsa ya miƙa hannu bayan tebur yana laluben rami cikin duhu, ya tura kan a karkace na'ura tana kunne. Ƙauri kaɗan muka ji. Fitilun gaba suka ci gaba da haske kamar babu abin da ya faru, amma tun daga ranar babu kwamfutar da ta sake ganin na'urar.

Hanya ta biyu ita nake so ka natsu a kanta. A bayan Pro 40 akwai ramin ADAT na fita, mai tura sauti zuwa wata na'ura, wanda ake soka wa siririn kebul ɗin haske, Toslink. Kebul ɗaya yana ɗaukar layi takwas a 44.1 ko 48 kHz, ko layi huɗu in ka hau 96. Saffire tana iya aiki ita kaɗai ba kwamfuta, amma sai an gaya mata abin da za ta yi tukuna. Haɗa ta da tsohuwar kwamfutarka sau ɗaya, buɗe MixControl, manhajar sarrafa Saffire, tura mashigan makirufo na 1 zuwa 8 kan ADAT 1 zuwa 8, zaɓi 48 kHz, bar agogonta, wanda ke daidaita tafiyar sauti tsakanin na'urori, a na ciki, sannan danna Save to hardware. Daga nan za ta riƙe wannan tsari ko an kashe an kunna. Sai ka sayi sawun-kad ta USB mai ramin ADAT na shiga, irin Audient iD14 ko Scarlett 18i8, ka ce ta bi agogon ADAT. Waɗannan ƙananan ramin ADAT na shiga kawai gare su, don haka dole Saffire ce za ta ja gaba. In ka ji ƙas-ƙas a cikin ɗauka, agogo ne bai daidaita ba, ko ɗayarsu tana 44.1 ɗayar tana 48.

In ka ajiye su kafaɗa da kafaɗa, FireWire tana bar maka komai: mashigai, mafitai, ramukan hedifon biyu, MIDI na haɗa kibod ɗin kiɗa, da MixControl a gabanka. Amma rayuwarta tana hannun direban da an daina sabuntawa, kowane sabuntawar Windows sai gabanka ya faɗi. ADAT tana ƙwace maka MIDI da juya sauti daga allo, sauraro ma zai koma kan sabuwar sawun-kad, ga kuɗin sayenta. Abin da take bar maka shi ne dalilin da ya sa ka so Pro 40 tun farko: mashigan makirufo takwas, maɓallan ƙara ƙarfi da hannunka ya saba da su, da maɓallan 48V na gaba masu bai wa makirufo wuta. Kuma babu ruwan kebul ɗin haske da Mac ko Windows, bana ko baɗi.

Da ni ne da laftof irin taka, ADAT zan bi. Katin PCIe sai in akwai kwamfutar tebur a ɗakin tuni. Jerin adafta kuwa, sai in wani zai ara maka ka gwada a laftof ɗinka kafin ka biya. Tsohuwar kwamfutar nan kada ka sayar da ita tukuna, ita kaɗai ce ke iya buɗe MixControl ranar da za ka so sauya 48 zuwa 44.1.