HRT ko Awara da Hulba? Amsa ga Hajiyar da Zufa ke Hana wa Barci

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce shekarunki 49, al'ada ta ɗauke miki wata 14 ke nan, zafi yana taso miki daga ƙirji zuwa fuska ba sallama, da dare kuma sai kin tashi canja riga saboda zufa, a sanyin Jos ɗin nan da mutane ke kwana da bargo biyu. Ga bushewar gaba da ta mayar da kwanciyar aure azaba, ga maganin hawan jini da kike sha. Likita ya ambata miki HRT, ƙanwarki ta ce kada ki kuskura, ciwon daji yake sawa, ki riƙe awara da hulba. Kina so a jera miki su gefe da gefe.

Yawancin mata suna daina haila tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da gidan ƙwai ya rage samar da sinadarin istirojin. Raguwarsa ce ke rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa, ita ke busar da gaba, ita ke sa ƙashi ya fara zaizayewa. HRT mayar wa jiki wannan sinadarin ne. Sauran hanyoyin ba sa mayar da komai, alamomin suke lallashi, kowace da wadda take iya wa.

A kan zafi da zufar dare, HRT ba shi da abokin karawa: bincike ya nuna yana rage yawan tasowar zafin da kusan kashi 75 cikin 100, sau da yawa cikin 'yan makonni. Bayansa sai magungunan asibiti marasa sinadarin, irin su venlafaxine da paroxetine, waɗanda asalinsu na ciwon damuwa ne, da gabapentin da ake sha da dare. Suna aiki, amma ba su kai shi ba, kuma suna iya kawo tashin zuciya ko jiri. Akwai wani sabo, fezolinetant, da Amurka ta amince da shi a 2023; yana da tsada, kuma sai ana gwajin hanta lokaci-lokaci. Awara fa? Waken suya yana da wani abu mai kama da istirojin, amma rarrauna ne, sakamakon binciken da aka yi ma ya rabu. Ki ci awararki, abinci ne mai kyau. Sai dai matar da ke jiƙa zanin gado kullum, da wuya awara ta fisshe ta. Hulba kuwa babu ƙwaƙƙwarar hujja a kanta. Rage yaji da shayi mai zafi da daddare, kayan barci na auduga, rage ƙiba, duk suna ɗan taimakawa, kuma ba sa cutar da kowa.

Yanzu tsoron ƙanwarki, don ba daga sama ta ɗauko shi ba. A 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka mai suna WHI, wanda ya ƙunshi mata fiye da 16,000, saboda an ga ƙarin ciwon dajin mama da daskarewar jini a masu shan sinadarai biyu haɗe, istirojin da wani mai suna furojestin. Labarin ya zagaye duniya, mata da yawa suka watsar da maganin. Abin da bai zagaye ba shi ne girman ƙarin ciwon dajin maman: kusan mata 8 a cikin 10,000 a shekara. Sannan matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina haila. Ɓangaren binciken da aka ba matan da aka cire wa mahaifa istirojin shi kaɗai, ba a ga ƙarin ciwon dajin mama ba. Shi ya sa likitocin mata yanzu suka tsaya a kan cewa mace 'yar ƙasa da 60, ko wadda ba ta wuce shekara 10 da daina haila ba, in tana shan wahala kuma ba ta da abin da zai hana, amfanin ya fi haɗarin. Haɗarin ciwon dajin maman dai yana nan, yana ƙaruwa da daɗewa a kan maganin, yana kuma raguwa bayan an daina.

To me ya sa ba za a ba ki istirojin kaɗai ba? Saboda mahaifarki tana nan. Shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa har ya iya zama ciwon daji, don haka dole a haɗa da na biyun, furojestin, da ke kare ta. Wannan shi ya sa nake jin tsoron matan da ke aika yaro kemis da hoton kwalin ƙawarsu. Ita an yi mata aikin ƙari an cire mahaifa, ke ba a cire miki ba. Maganin da ya dace da ita ke zai cuce ki.

Batun hawan jininki: in yana daidai da magani, ba ya hana HRT. Amma nau'in ya bambanta. Ƙwaya tana bi ta hanta, tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa ko huhu. Filastar da ake mannawa a cinya ko ɗuwawu, ana canjawa sau ɗaya ko biyu a mako, da man shafawa a fata, ba a ga suna ƙara wannan haɗarin ba a ma'aunin da aka saba bayarwa. Mu 'yan Jos ma muna da sa'a a nan, don 'yan'uwanmu na Abuja a zafin watan Maris sai gumi ya dinga ɗaga musu gefen filastar. A ɗaya ɓangaren, venlafaxine yana iya ɗan ɗaga hawan jini, ke nan shi ma sai da sa ido.

Bushewar gaba ita ce wadda mata suka fi kunyar faɗa, alhali ita ta fi sauƙin magani. Akwai istirojin ɗan kaɗan na sawa a gaba, kirim ko ƙwaya, wanda abin da ke shiga jini daga gare shi bai taka kara ya karya ba. Ko matar da ba ta son HRT na dukan jiki za ta iya amfani da shi, kuma yana rage yawan ciwon mafitsara. Man santsi na kemis yana sauƙaƙa lokacin kwanciya, amma ba ya gyara fatar. Magungunan damuwar nan kuwa ba su da aiki a nan ko kaɗan. Abin da nake roƙonki shi ne ki nisanci kayan matsi. Fatar wurin ta riga ta yi laushi da siranta, a zuba mata alif ko wani garin da ba a san haɗinsa ba, sai tsagewa da raɗaɗi da ƙwayoyin cuta. Mai neman danshi ba ta da haɗi da abin da aikinsa busarwa ne.

Ƙashi ma HRT yana kare shi daga karaya muddin ana amfani da shi. In ba ki sha ba, sai ki dage da nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, tafiyar ƙafa da shan hantsi.

Wadda ta taɓa yin ciwon dajin mama, daskarewar jini, shanyewar ɓarin jiki, ko take da ciwon hanta mai tsanani, ita sauran hanyoyin ne nata. In tana shan tamoxifen, maganin ciwon dajin mama, ta gaya wa likita, don paroxetine yana rage masa ƙarfi.

Akwai kuma maganar sallah da azumi. HRT ɗin da ake ba matar da al'adarta ba ta gama ɗaukewa ba yana kawo jini kowane wata. Ke da kika wuce shekara, wanda ake amfani da shi ba hutu za a ba ki. Yana iya kawo ɗigo a watanni shida na farko, sannan ya tsaya. Hukuncin wannan ɗigon ki kai wa malama. Jinin da ya zo da kansa bayan shekara guda da ɗaukewa kuwa, ba dawowar ƙuruciya ba ce, asibiti ake kai shi da gaggawa.

Da ni ce ke, filasta da furojestin zan tambayi likita, in ƙara da kirim ɗin in bushewar ba ta saki ba. Ki je sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko wurin likitan matan da kika saba, ki tafi da kwalin maganin hawan jininki, ki kuma binciko tun daga gida ko mahaifiyarku ko wata a ɗakinku ta taɓa ciwon mama ko daskarewar jini, don za a tambaye ki. In an fara, a duba ki bayan wata uku, daga nan kuma kowace shekara.