Arch ko Alder: wane kundin Fates Warning ya kamata ka fara saya?

Duk inda masoyan ƙungiyar kiɗa ta Fates Warning biyu suka haɗu, kafin shayi ya huce gardama ta tashi: a cikin mawaƙanta biyu, John Arch ya fi ko Ray Alder? An fi shekara talatin ana yin ta, har yau ba a raba gardamar ba. Kai da ke riƙe da kuɗin kundin waƙoƙi ɗaya ko biyu, ba wanda ya yi nasara ne damuwarka ba. Damuwarka kada ka sayi abin da zai kore ka tun ranar farko, domin ƙungiyar ta fitar da kundaye 13 tsakanin 1984 da 2020, kuma wasu idan ka jera su sai ka rantse ba mutane ɗaya suka yi ba.

A Hartford ta jihar Kanetikat a Amurka aka kafa ta a 1982. Ita da Queensrÿche da Dream Theater ake lissafawa a matsayin iyayen kiɗan progressive metal, wato kiɗan rock mai nauyi da sarƙaƙiya, inda waƙa ke yin tsawo kuma bugun ganga ke sauya tafiya ba sallama. Jim Matheos, mai jita, shi ne ginshiƙin da bai taɓa gusawa ba.

Arch ya rera kundaye uku na farko. Muryarsa siririya ce, tana can sama, tana ɗan fita ta hanci. Amma ba tsayinta ke raba kan mutane ba, yadda yake tafiyar da karin ne. Jita na bin hanyarta, shi kuma yana bin tasa, yana lanƙwasa kalma ɗaya sau uku ko huɗu kafin ya sake ta, sai ka ɗauka ya ɓata, can kuma ka ga sun haɗu a mararraba. Wanda kunnensa ya kama wannan salon ba ya warkewa. Wanda bai kama ba kuwa, ciwon kai kawai yake samu. Baitocinsa cike suke da mayu da tatsuniya da mafarki. A cikin ukun, Awaken the Guardian na 1986 ne gangariya, The Spectre Within na 1985 na biye masa kusa da kusa. Night on Bröcken na 1984 kuwa ka bar wa masu tara kaya. A lokacin 'yan ƙungiyar samari ne da ƙamshin ƙungiyar Iron Maiden ta Ingila bai bar jikinsu ba tukuna.

Duk da haka ba zan ce baƙo ya fara da Awaken the Guardian ba, ko da magoya bayan Arch za su ce na yi saɓo. Ɗaukar sautin irin ta wancan zamani ce, kayan kiɗan sun cakuɗe, ga muryar da sai an saba. Ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi.

Parallels na 1991 shi ne ƙofar shiga. Alder, ɗan San Antonio ta jihar Tekzas, ya karɓi makirufo a 1987, kuma a wannan kundin ne ya daina ƙoƙarin hawa inda Arch ke hawa, ya tsaya a inda muryarsa ta fi zaƙi. Terry Brown, wanda ya daɗe yana tace wa ƙungiyar Rush ta Kanada sauti, shi ya tace shi, shi ya sa komai ya fito fes, kowane kayan kiɗa da wurinsa. Waƙoƙin ba su da tsawon gajiyarwa, suna da amshin da ke maƙalewa a ka, kuma maganarsu ta koma kan rabuwa da kaɗaici da rashin fahimtar juna. Ƙwarewar tana nan, an dai ɓoye ta ne. Ka kasa kunne ga gangar Mark Zonder kaɗai, za ka ji mutumin ba ya buga abu ɗaya sau biyu iri ɗaya. Wanda ya mallaki Parallels ba ya gaggawar Inside Out na 1994, don kusan sawunsa ya bi.

Kundaye biyu da suka gabaci Parallels zaɓi ne na ɗanɗano. No Exit na 1988 ya fi zafi da gudu, Alder na ƙwala murya iya ƙarfinsa, kuma a ƙarshensa akwai waƙa guda da ta haura minti ashirin. Perfect Symmetry na 1989, inda Zonder ya shigo, sanyi gare shi kamar ƙarfe da asuba, lissafi ya yi masa yawa. Masu kaɗa jita da ganga sun fi kowa son sa.

Wanda na fi so a raina shi ne A Pleasant Shade of Gray na 1997, kuma shi ne wanda na fi jin tsoron ba da shawararsa. Waƙa ɗaya ce tal, an raba ta kashi 12, ba wanda ke da suna sai lamba, tsawonta ya haura minti hamsin. Kevin Moore, tsohon ɗan Dream Theater, ya kaɗa kibod, Joey Vera na kan jitar bes. Ba kundin sauraro a mota ba ne, ba kuma na tsinko kashi ɗaya a tura wa aboki ba. Sai dare ya yi, ka kashe fitila, ka ba shi lokacinsa gaba ɗaya. Idan ba ka da wannan haƙurin, kuɗinka ya tafi a banza. Ka sa shi na uku a layi.

Bayan FWX na 2004 sun yi shiru na shekara tara. A cikin kundaye ukun da suka biyo bayan dawowarsu, Theories of Flight na 2016 ne ya cancanci kuɗi ba tare da dogon tunani ba. Muryar Alder ta yi ƙasa, ta yi kauri, shekaru sun ƙara mata armashi maimakon su rage, ga Bobby Jarzombek a kan ganga.

Akwai wata hanya ta gefe ga wanda ke son gwada Arch amma tsohon sauti ke hana shi. A 2011 shi da Matheos sun fitar da Sympathetic Resonance da sunan Arch/Matheos, kuma makaɗan da suka taya su, Vera da Jarzombek da Frank Aresti, duk 'yan gida ne. Kusan Fates Warning ce da tsohon mawaƙinta, a sautin zamani. Ka fara lalubo shi a intanet ka ji waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe. In ka ji kana son maimaitawa, to je ka sayi Awaken the Guardian, har ka haɗa da na kai-tsaye da aka fitar a 2017, wanda aka ɗauka a 2016 lokacin da mutanen da suka yi kundin suka sake haɗuwa suka kaɗa shi gaba ɗaya a bikin kiɗa na Keep It True a Jamus.