Jirgin Sama Mai Kujera Biyu: Abin da Ɗan Katsina Zai Auna Kafin Ya Ba da Kafin Alƙalami

Duk lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, kayan marmari ne ke fara yin kwantai, kuma a harkar sufurin sama babu kayan marmari kamar ƙaramin jirgi mai kujera biyu wanda mutum ke saya domin ya tuƙa da kansa. A irin wannan yanayi ne dillalai ke sassauta farashi, hotuna su riƙa yawo a waya, har labari ya iso kunnen manyan 'yan kasuwa da manoman Katsina da Daura waɗanda suka gaji da doguwar tafiya a mota da fargabar hanya. Sha'awar tana da hujja, domin jirgin da ke gudun kusan kilomita 200 a awa zai kai mutum Kano daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua cikin ƙasa da awa guda. Sai dai rahusar da ake gani a lokacin kwantai tana da dalili, kuma wajibi ne mai saye ya san dalilin kafin ya fitar da kuɗinsa.

A shekarar 2004 ne hukumar sufurin sama ta Amurka ta ƙirƙiro wannan rukuni na jirage marasa nauyi, inda ta ƙayyade cewa kada jirgin ya wuce kilo 600 da duk abin da ke cikinsa, kada kujerunsa su wuce biyu, kuma injinsa ya kasance guda ɗaya. Manyan kamfanoni sun yi rububin shiga. Cessna ta sanar da samfurinta mai suna Skycatcher a 2007 a kan dala 109,500, mutane fiye da 1,000 suka yi oda, sannan karayar tattalin arziki ta 2008 ta faɗo. Kafin ƙarshen 2011 farashin ya haura zuwa dala 149,000, masu oda da yawa suka janye, a ƙarshe guda 192 kacal aka sayar kafin a daina ƙera shi, ragowar da suka yi kwantai kuma aka murƙushe su a 2016. Piper ta shiga kasuwar a Janairun 2010 ta fice a Janairun 2011, Cirrus kuwa ta jingine nata shirin tun kafin ta miƙa wa kowa jirgi. Idan kamfanoni masu wannan ƙarfi suka ja da baya, to mai karatu ya ƙiyasta halin da ƙananan masana'antu suka shiga.

Wannan tarihi ne ya sa nake ɗari-ɗari da zaɓin da ya fi ɗaukar ido, wato jirgi na hannu daga waɗancan shekaru. Mun saba da motoci 'yan Kwatano, waɗanda ko kamfaninsu ya daina ƙera su bakanike zai samo kayan gyara a kasuwa ya ɗaura. Jirgin wannan rukuni ba haka yake ba, domin ƙa'idarsa ta ɗora wa kamfanin da ya ƙera shi alhakin amincewa da kowane sauyi ko babban gyara, saboda haka ranar da kamfanin ya rufe, jirgin ya zama maraya. Akwai kuma lissafin shekaru wanda dillali ba ya son a taɓo. Injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya, wanda yawancin waɗannan jirage ke ɗauke da shi, ana yi wa samfuransa na baya-bayan nan garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 15, duk wanda ya riga zuwa, kayan robarsa kuma ana sauya su duk shekara 5. Ke nan jirgin 2008 da ake tallarsa da cewa bai tashi sosai ba yana iya kasancewa garambawul ya riga ya hau kansa, kuma kuɗin wannan aiki kaɗai zai iya cinye rahusar da aka yi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa har rai take iya taɓawa.

Sabon jirgi daga kamfanin da ke tsaye da ƙafafunsa, kamar Tecnam ta Italiya, ko Sling ta Afirka ta Kudu, ko Pipistrel ta Sulobeniya wadda kamfanin Textron na Amurka ya saya a 2022, yana zuwa da garanti da kuma wanda za a tuntuɓa idan matsala ta taso. Lokacin sanyin kasuwa shi ne lokacin da mai saye ke da bakin magana, kuma shawarata ita ce a karkatar da cinikin daga ragin farashi zuwa abubuwan da suka fi wuyar samu a nan: horar da bakanike, da kunshin kayan gyara na shekara biyu, da zuwan wakilin kamfani domin harhaɗa jirgin bayan ya fito daga hannun kwastan. Babbar matsalarsa ita ce canji. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, don haka ragin da kamfani zai yi a dala ko yuro bai kai ko kusa da abin da faɗuwar naira ta ƙara ba. Kuma kada a biya kuɗi gaba ɗaya kafin jirgi ya kammala, domin a lokacin kwantai kamfanoni na durƙushewa da kuɗin jama'a a hannunsu.

Wasu za su ce a bar duk wannan a nemi tsohuwar Cessna 172, wadda aka ƙera fiye da 44,000 tun 1956, mai kujera huɗu, wadda kusan kowane injiniyan jirgi ya san cikinta. Maganarsu tana da nauyi, musamman ga mai iyali, tun da jirgin kilo 600 idan aka cire nauyin jikinsa da na mai, abin da ya rage da ƙyar yake ɗaukar manya biyu da 'yar jaka. Inda take da rauni shi ne mai. Injinta an yi shi ne domin fetur na musamman na jiragen farfela, wanda samunsa a Najeriya yake da wuya da tsada, har ma Kwalejin Sufurin Sama ta Zariya ta koma horarwa da jiragen Diamond masu shan irin man manyan jirage. Rotax kuwa yana shan fetur na mota, kimanin lita 15 zuwa 20 a awa, matuƙar mai ƙarfi ne kuma mai tsabta, kuma wannan sharaɗi ba abin wasa ba ne, domin man galan da man da aka gauraya ba su da gurbi a tankin jirgi.

Jirgin da ake saye a warwatse a harhaɗa shi a gida ba baƙo ba ne a Arewa, domin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna saboda horar da sojojin sama daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's ya samo asali. Amma wancan aikin masana'anta ne mai injiniyoyi, kuma ban ga dacewarsa ga wanda yanzu zai fara ba.

Yanayinmu ma yana da ra'ayi a cinikin. Waɗannan jirage da ido ake tuƙa su, saboda haka hazon hunturu zai ajiye su a ƙasa kwanaki a jere, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 yana rage wa inji da fukafukai ƙarfi har jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga, guguwar farkon damina kuma tana iya kifar da jirgi mara nauyi da aka bari a fili. Dole ne kuɗin rumfar ajiya da na inshora su shiga lissafi tun farko.

Idan aka tambaye ni, ga mutumin Katsina ko Daura da ya ƙudurta sayen, jirgi mai jikin ƙarfe da injin Rotax daga kamfani mai rai, sabo ko wanda bai wuce 'yan shekaru ba, shi ne ya fi kusa da dacewa, kuma ya fi sauƙi idan mutum uku ko huɗu suka haɗa hannu. Kafin a tura ko sisi, a fara zuwa Zariya ko Ilori a yi awannin farko na koyon tuƙi, a samo amsar NCAA, wato hukumar kula da sufurin sama ta Najeriya, a rubuce cewa za ta yi wa wannan samfuri rajista da lambar 5N ta jiragen Najeriya tare da izinin tashi na ƙashin kai wanda ba na haya ba, sannan a tura injiniya mai lasisi wanda ba shi da alaƙa da dillali ya duba jirgin da littattafan tarihin gyaransa a inda yake.