FJ40 ko Series III? Ni dai Toyotar zan ce maka

Ɗan'uwa da kake tambaya tsakanin Land Cruiser FJ40 da Land Rover Series III wacce za ka tayar don shiga daji, ba sai na ja ka da nisa ba, ɗauki FJ40 ɗin kawai ka huta.

Tawa ƙirar 1978 ce, mai injin 2F, silinda shida a jere, lita 4.2. Ba injin gudu ba ne, a kan kwalta ma ƙananan motoci wuce ka za su riƙa yi kana kallo, amma ƙarfinsa tun daga ƙasa yake zuwa kuma abin da daji yake so kenan. Akwai wata hawa mai duwatsu da muka taɓa tararwa, ruwa ya zaizaye gefe guda ya bar rami, na sa ogzilari, wato giyar ƙarfi da ke sa tayoyi huɗu su ja, na saka giya ɗaya na ɗage ƙafata daga totur gaba ɗaya, injin yana tum tum tum kamar zai mutu amma bai mutu ba, motar tana taka dutse ɗaya bayan ɗaya, sifirin yana ƙiiii, tayar baya ta hagu ta ɗan tashi sama ta dawo ta dafe ƙasa. Wanda ke zaune gefena ya ƙanƙame ƙarfen gaban dashbod yana cewa ka ba ta wuta mana, na ce masa bari kawai ka gani. Haka ta kai mu sama, ko ƙaurin kuloci ba mu ji ba. Wallahi tun ranar ban ƙara sauraron masu cewa in cire injin in sa V8 ba.

In za ka nema, nemi ta 1975 zuwa sama don daga nan aka fara sa 2F, kafin nan injin F ne mai lita 3.9, kuma tsofaffin sosai giya uku gare su. Birkin faifai a gaba ya shigo ne wajen 1976 a wasu kasuwanni, wasu kuma sun ci gaba da zuwa da na ganga, don haka kar ka yarda da shekara kawai, leƙa bayan taya ka gani da idonka. An daina ƙera su a Japan a 1984. In ka ci karo da BJ42 mai injin dizal 3B kar ka raina ta, ta fi sanyin jiki amma ba ta shan mai irin na 2F, don shi kam maganar gaskiya mashayi ne, wannan ba zan ɓoye maka ba.

Ciwonta ɗaya ne babba, tsatsa. Bodin ƙarfe ne, kuma inda take fara ci kusan kullum wuraren nan ne: ƙasan ƙofar baya, kusurwoyin baya, da daɓen ƙarƙashin ƙafar direba. Aikin walda ne, yana cin lokaci amma yana ƙarewa.

Land Rover kuwa, to, ba laifi. An yi Series III daga 1971 zuwa 1985, bodinta alminiyom ne ba ya tsatsa, kayan gyaranta a wadace suke, har sabon shasi da aka tsoma a zinc ana sayarwa, kusan komai a jikinta da sifana ake kwancewa. Wannan na ba ta. Amma injin lita 2.25 mai doki wajen 70 kana ƙara masa manyan tayoyi ya gama yawo, birki na ganga ne ƙafa huɗu, shaf ɗin baya, wato sandar da ke juya taya, mai haƙora goma ya yi suna wajen karyewa har masu ita da yawa da safaya suke yawo. Doguwar mai inci 109 da ta zo da aksul ɗin baya mai ƙwari da ake kira Salisbury ta fi dama-dama. Ƙarshenta za ka ga mutum ya canja inji zuwa na dizal 200Tdi, ya canja aksul, ya canja sifirin, to me ya rage na motar da ya saya? Na riƙe Series III na ɗan lokaci na sayar, ban yi kewarta ba.

Kan gyare-gyaren FJ40 ɗin kuma, don Allah kar ka fara da ɗaga mota da manyan tayoyi don hoto. Shasi tukuna, sai birki, sai sitiyari, lagireto da wayarin, don wayar da ta haura shekara arba'in ta bushe kuma ba ka san hannun mutum nawa ya yi mata ɗori ba. Ka kwance gwiwar aksul ɗin gaba ka sake sil da boris, in ka ga giris ya cakuɗe da man giya yana tsiyaya ta bayan taya to sil ɗin ciki ya tafi. Bayan nan ɗagawar inci biyu zuwa biyu da rabi da taya mai inci 33 sun ishe ka. Ka haura 35 da kayan asali, birfild ɗin gaba, wato gaɓar da ke juya taya a cikin gwiwar aksul, shi ne zai fara fashewa, musamman in ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana ba ta wuta a ribas. Fawa sitiyarin yana da daɗi sosai in ka samu hali, loka a baya kuma, wato abin da ke kulle tayoyin biyu su juya tare, ta fi duk wani kwalliya amfani. Sannan kar ka yi wasa da kejin ƙarfe mai kare mutum in mota ta kife da bel ɗin kujera mai kyau, tsakanin tayar gaba da ta baya inci 90 ne kacal ga ta da tsayi, in ta karkace a gangare ba ta shawara da kowa.

Abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, masu sayar da tsofaffin motocin nan wasunsu ba sa tsoron Allah. In ka ga shasi ya sha sabon baƙin fenti mai kauri yana ƙyalli, akwai abin da aka binne a ƙarƙashi. Je da ƙaramar guduma da sukundireba da tocila, kwanta a ƙasa ka bubbuga, ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa dim za ka ji. A FJ40 bi bodin da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa fila ce aka cusa. A Land Rover wannan dabarar ba ta aiki tunda alminiyom ne, kuma nan ake cin mutane, waje fes amma shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne, sun rube tuni. Ka ce kar a tayar da injin kafin ka zo, kana isa ka dafa shi, in da ɗumi to an riga ka ne don kar ka ga hayaƙin farko. Lambar shasi ta dace da takardu, kuma ka sa ogzilari da hannunka ka ja motar ka tabbata tayoyin gaba suna ja, in ya ce ai ƙaramin gyara ne kawai, ce masa ya gyara ka dawo.