Na'urar Bluetooth ta mota: tana aiki, amma sai an san inda take tangarɗa

Yawancin tsofaffin motocin da ke yawo a Sakkwato rediyonsu ba shi da Bluetooth. Shi ya sa ƙaramar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari ta samu kasuwa a shagunan 'yan waya. Ta cancanci kuɗinta, sai dai masu mayar da ita shago da sunan ta lalace, galibi ba su gane cewa haɗi biyu take yi ba: daga waya zuwa na'ura Bluetooth ne, daga na'ura zuwa rediyon mota kuwa zangon FM ne.

Haɗin farko ba wuya. A tada mota, a kunna Bluetooth na waya, a nemi sabuwar na'ura, a taɓa sunanta. In ta nemi lamba, 0000 ce ko 1234. In sunan bai fito ba, duba ko ta riga ta kama wayar wani da ke cikin motar, domin da yawansu waya ɗaya suke riƙewa, kuma wadda suka sani a baya suke fara nema. Nisanta kimanin mita 10 ne, ya ishi mota har da rara.

A haɗi na biyu ne ake shan wahala. FM daga 87.5 zuwa 108 yake, kuma dole lambar da ke fuskar na'urar ta zama daidai da ta rediyo. Ƙarfinta kaɗan ne ƙwarai, ba za ta iya ja da tashoshin rediyo irin su Rima ko Vision FM ko Garkuwa ba. Don haka a fara laluben inda babu tasha, inda shuu kawai ake ji, sannan a saita na'urar a nan. Can ƙasa wajen 87.5 zuwa 88 ya fi samuwa. Lambar da ta yi tsit a cikin gari tana iya cin karo da wata tasha a hanyar Gusau ko Birnin Kebbi, sai a sauya. Murya kuma a ɗaga ta waya kusan ƙarshe, a rage ta rediyo. In aka yi akasin haka, shuu ɗin ne zai rufe karatu ko wa'azin da ake saurare.

Akwai wani siririn kuka da ke ƙaruwa in an taka totur. Daga wutar motar yake shigowa, kuma masu arha ba su iya tace shi. Cajin waya a jikinta yana ƙara shi. A kiran waya ma tana da rauni, saboda makirufonta yana can ƙasa kusa da giya, wanda ke ɗaya ɓangaren sai ya ji ka kamar daga rijiya.

Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajarta kwananta in an bar ta a motar da ke rufe cikin rana, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramin har ta riƙa ɗaukewa a kan gargada. Wasu motocin ramin nasu ba ya mutuwa ko an zare makulli, sai ta kwana tana shan batir. A zare ta da dare.

Kafin a biya, a sa mai shago ya fito a gwada ta a motar, injin yana aiki, a kuma yi kira ɗaya. Mai babbar mota ya duba an rubuta 12V–24V a kwalin.