Wa za ka ɗauka ya auna maka bututu kusa da babban layin wuta?

Bututun ƙarfe idan ya jera da babban layin wuta, irin na 330kV da ya taso daga Jos zuwa Gombe, yakan ɗauki wuta ko da waya ba ta taɓa shi ba. Gwargwadon tsawon tafiyarsu tare da kusancinsu, gwargwadon wutar da zai sha. Ƙa'idar NACE, ƙungiyar masana kare ƙarfe daga tsatsa, ta tsayar da ƙarfin wuta na volt 15 a matsayin iyaka a duk inda hannun mutum zai kai. Sannan a ƙarƙashin ƙasa, inda rufin bututun ya ɗan kwaile, wutar tana cin ƙarfen har ya huje.

Masu wannan aiki iri uku na gani. Akwai mai zuwa da mita, ya taɓa sau ɗaya da rana tsaka ya ce lafiya lau. Kada ka ɓata kuɗinka. Akwai mai lissafi daga ofis da taswira, wanda ya isa ga gajeren bututu da kawai ya gitta layin ya wuce.

Ni na uku nake ɗauka, duk da tsadarsa: injiniyan da zai taka wurin da ƙafarsa. Zai kafa sanduna huɗu a jere ya auna yadda ƙasa ke tare wuta, wuri-wuri, domin fadamar Dadin Kowa daban take da busasshen tudu, kuma awon damina ba ya tsaya wa na rani. Idan an riga an binne bututun, zai bar na'ura ta kwana tana rubuta awo na sa'o'i 24, tunda nauyin layi yana hawa yana sauka. Zai nemi bayanan layin daga TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na Nijeriya, har da ƙarfin wutar da ke zuba ƙasa idan layi ya samu matsala, sannan ya zuba su a manhaja irin CDEGS ko ta Elsyca. Daga nan ne zai nuna maka inda za a binne igiyar tutiya, wadda ke janye wutar daga bututun ta zubar a ƙasa, da tsawonta.

Abin da ya sa na nace, na ɗanɗana. Wani kamfani ya sayar mini da rahoto mai kauri, cike da zane masu launi. Wata huɗu bayan haka wuta ta fizgi yaron da ke buɗe mana bawul, Allah ya kiyaye bai rasa ransa ba. Da aka duba, ashe awon ƙasar na wani aiki ne a kudu, suna kawai suka canja.

Don haka ka nemi lambar rajistar wanda zai sa hannu a COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Nijeriya, ka tabbatar da ita da kanka. Ka tambayi lasisin manhajar, saboda na sata sun yi yawa. Ka tsaya a wurin ranar awo, ka karɓi ainihin takardar da aka cika a fili, mai kwanan wata da wurin kowane awo. Tutiyar ma a warware ta a gabanka kafin a rufe rami, don akwai masu binne wayar ƙarfe mai shafen tutiya su karɓi kuɗin ta gaske.