Hattara da mai cewa boilarka ta mutu, ka kawo kuɗin sabuwa yau

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila, musamman waɗanda karatu ko aikin kula da tsofaffi ya kawo su cikin 'yan shekarun nan. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, don ba wanda ke son fitowa fili ya ce an yi masa wayo. Amma shekaranjiya na ji an sake yi wa wasu bayin Allah a Bradford irin abin da aka yi mini, sai na ga shirun ya isa haka.

Cikin watan Janairu ne, daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Muka tashi sallar asuba, babu ruwan zafi, hitocin ɗaki duk sun yi sanyi ƙalau, boila, wato injin gas da ke ɗumama ruwa da gida, tana wani gurnani kamar mai kuskurar baki. Uwargida ba ta daɗe da yin arba'in ba. Na tambaya a zaurenmu na WhatsApp, wani ya turo lamba ya ce ai mutumin kirki ne, kuma yana da sauƙin kuɗi. Kafin azahar ya iso. Ya buɗe murfin boilar, ya haska tocila, bai yi minti biyar ba ya girgiza kai ya yi salati. Ya ce tukunyar ciki, wadda wuta ke dumama ruwa a cikinta, ta tsage, tana fitar da gubar kabon monoksaid, kuma kamfanin ya daina ƙera kayan gyaranta. Ya dubi jaririyar ya ce, "Yallaɓai, ni dai da iyalina ne ba za su kwana da wannan ba."

Duk wanda ya tashi a gida ya san labarin waɗanda suka kwanta da garwashi ko janareto a ɗaki a rufe, gari ya waye babu su. Ita ce dai wannan iskar, ba launi ba wari. Da ita ya kama ni. Ya ce sabuwa fam 2,400, amma in na ba da rabi a ranar zai kafa ta gobe. Na tura fam 600, iyakar abin da ke hannuna, zuwa wani asusu da ba sunansa ba. Na lura da hakan sarai, na kau da kai.

Goben ba ta zo ba har yau. Da farko mota ta lalace, sai rasuwa aka yi masa, daga nan waya ta daina shiga.

A kwana na uku maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya ga muna shigo da hitar lantarki, ya ce in nuna masa bayan gidan. Ya taɓa wani farin bututun roba da ya fito daga bango ya gangara magudana, ya ce in kawo ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Muka kwarara, ƙanƙara ta zubo, na koma ciki na danna maɓallin sake tayarwa. Boila ta kama. Ashe tun 2005 dokar Ingila ta sa kusan duk sabuwar boilar gas ta zama irin mai tatsar zafin hayaƙinta, kuma wannan tatsar tana haifar da ɗan ruwa da ke fita ta bututun nan. In ya daskare, boilar da kanta take tsayawa. Ba mutuwa ta yi ba. Duk da haka na kira injiniya mai rajista ya duba tukunyar da hayaƙin da na'urarsa, ya ce lafiyarta lau, shekarunta takwas kacal.

Abin da ban yi ba shi ne tambayar katinsa. A ƙasar nan haramun ne a doka wani ya yi aikin gas a gidan mutane in ba ya cikin Gas Safe Register, rajistar injiniyoyin gas da doka ta amince da su, wadda ta gaji tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Kowane injiniya yana da kati mai hotonsa, da lamba mai alƙaluma bakwai, da ranar ƙarewa. A bayan katin an jera irin aikin da aka yarje masa, domin wanda ya iya murhun girki ba lallai a ba shi izinin taɓa boila ba. Ana duba lambar a shafinsu cikin minti ɗaya, yana tsaye a bakin ƙofa. Mu kuwa kunya ce ke cin mu: mutum ya yi maka sallama, ya kira ka ɗan uwa, sai ka ga kamar cin fuska ne ka ce ya nuna kati. Mai gaskiya ko a jikinsa, wasu ma tun kafin ka tambaya sun miƙo.

Kada a fahimce ni a baibai. Injiniyan gaske ma yakan ce boila tana da haɗari, ya nemi izininka ya kashe ta, ya manna mata takardar gargaɗi. In ya yi haka, kada ka kunna. Amma zai ba ka rubutacciyar takarda mai bayanin laifin da lambar rajistarsa, kuma ba abin da ya hana ka kiran wani ya sake dubawa. In kuwa ka ji warin gas, buɗe tagogi, kada ka taɓa makunnin lantarki, ka kira 0800 111 999.

Maganar gyara ko sauyawa fa? Galibi boila takan yi shekara 10 zuwa 15. Wadda ba ta kai goma ba, in famfonta ko fankarta ko wani bawul ya lalace, a ganina gyara ya fi. Wani lokacin ma matsin ruwa ne kawai ya sauka. Agogon matsin ruwan da ke gabanta ya kamata ya tsaya tsakanin 1 da 1.5 in tana sanyi. Wadda ta girmi 2005, tana shan gas kamar me, tana tsayawa duk hunturu, ita ce ta cancanci ritaya, kuma da rani ake wannan shawara, da farashi a rubuce daga mutum uku. In an ce maka babu kayan gyara, ɗauki lambar samfurin ka kira kamfanin da ya ƙera ta. Kyauta ne.

Mutanen Bradford ɗin nan nasu ya fi nawa muni. An kafa musu boilar, amma tsohuwa ce da aka ciro daga wani gida aka goge. Babu takardar shaidar bin dokar gini da ke zuwa bayan an yi rajistar aikin, babu garanti, bututun hayaƙin ma ba a ɗaure shi daidai ba. Yanzu sai sun biya a cire.

Abin takaicin, haya suke yi. Ɗan haya ba ruwansa da sayen boila. Gyaran ɗumama gida da ruwan zafi nauyin mai gida ne a doka, haka ma binciken gas na kowace shekara, wanda dole ya ba ka kwafin takardarsa cikin kwana 28. Tun Oktoban 2022 kuma wajibi ne a Ingila ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Su tsoron kada mai gida ya ƙara kuɗin haya ne ya sa suka biya daga aljihunsu.

Sai masu ƙwanƙwasa ƙofa da bugo waya wai gwamnati na raba boila kyauta, a kawo kuɗin fom. Tallafi akwai shi ga waɗanda suka cika sharuɗɗa, amma ta kamfanin da ke ba ka gas ko ƙaramar hukumarka za ka tabbatar, ba ta bakin baƙo ba.

Na kai ƙara banki, na kuma sanar da Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, su ne ke miƙa irin wannan ga Trading Standards, hukumar kare haƙƙin masu saye. Da da katin bashi na biya, da doka ta ba ni kariya kan sayayyar da ta haura fam 100. Ni kuwa tura kuɗin na yi da hannuna. Wanda ya turo lambar a zaure ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma bai taɓa ganin mutumin ba, turo masa aka yi ya tura gaba. Duk wanda aka yi wa haka, don Allah ya adana saƙonnin da shaidar biyan kuɗin ya kai rahoto, domin na ji macucin ya sauya lamba, yanzu ta wajen Leeds yake yawo.